Ƙarshen Labari a Ma'aunin Matantaka: Tarken Taurari Mata a Ƙagaggun Labaran Hausa da na Jamusanci

1.0 Gabatarwa

Tun daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da mata suka shigo fagen rubuta ƙagaggun labaran Hausa da yawansu, manazarta ke ta kai-kawo a kan matsayin taurari matan da ke cikin waɗannan littattafai. Wasu na ganin marubutan sun yi wa al'ada tawaye fiye da kima, har suna ɗora musu alhakin gurɓacewar tarbiyyar 'yan mata. Irin wannan ra'ayi ne ya kai ga ƙona wasu littattafai a Kano a 2007 ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Wasu kuma, musamman masu tarke da ra'in matantaka, na ganin tawayen bai taka kara ya karya ba, domin komai gwagwarmayar da tauraruwa ta sha, a ƙarshe ɗakin aure ake mayar da ita. Waɗannan ɓangarori biyu sun yi hannun riga, amma ma'auninsu ɗaya ne, wato wurin da tauraruwa ta tsinci kanta a shafin ƙarshe na littafi.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan ma'auni, in aka riƙe shi shi kaɗai, yana tauye mudu. Za a yi haka ne ta hanyar nazarin taurari biyu na Balaraba Ramat Yakubu, wato Rabi ta cikin Alhaki Kuykuyo Ne da Abu ta cikin Wa Zai Auri Jahila?, tare da gwama su da wasu fitattun taurari mata na ƙagaggun labaran da aka rubuta da Jamusanci.

An zaɓi adabin Jamusanci ne saboda dalilai biyu. Na farko, matarkansa sun daɗe suna fama da matsalar ƙarshen labari, don kuwa mafi shaharar taurarinsa mata mutuwa suke yi ko su ɓace. Na biyu, alaƙarmu da Jamusawa tsohuwa ce, amma ta gefe guda take tafiya. Heinrich Barth ya ratsa ƙasar Adamawa zuwa Yola a 1851. Garin Mubi, inda aka rubuta wannan maƙala, ya shiga hannun Jamusawa a 1903, ya kuma zauna a ƙarƙashinsu har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya. Schön ya buga Magana Hausa a 1885, Mischlich ya fitar da ƙamusunsa a 1906. Sun nazarci harshenmu da adabinmu sama da shekara ɗari, mu kuwa da wuya mu leƙa nasu adabin ko da don kwatance.

2.0 Ra'in Matantaka da Tarken Adabi

Abin da ake nufi da ra'in matantaka a nan shi ne hanyar nazari wadda ke bin diddigin yadda al'umma ta raba iko da dukiya da damar magana tsakanin maza da mata, da yadda adabi ke ƙarfafa wannan rabo ko yake ƙalubalantarsa. A Turai da Amurka ana danganta ginuwarsa da ayyukan Simone de Beauvoir (1949) da Kate Millett (1970) da Elaine Showalter (1977). Da farko matarka sun mai da hankali a kan siffar da marubuta maza suke ba mace. Daga baya suka koma ga abin da matan suka rubuta da hannunsu.

A Jamus, Silvia Bovenschen (1979) ta nuna cewa tarihin adabi cike yake maƙil da hotunan mata waɗanda maza suka ƙaga, alhali matan da aka bari suka riƙe alƙalami ba su taka kara sun karya ba. Sigrid Weigel (1983) kuma ta kwatanta kallon marubuciya da na mai harara-garke: ido ɗaya yana kan ƙuncin da take ciki a yau, ɗayan yana hangen 'yancin da bai iso ba. Wannan kwatance zai yi mana amfani a gaba.

A Afirka ba a karɓi ra'in ɗungurungum ba. Chikwenye Ogunyemi (1985) da Molara Ogundipe-Leslie (1994) da Catherine Acholonu (1995) da Obioma Nnaemeka (2004) kowacce ta kawo nata gyaran, kuma sun haɗu a kan cewa macen Afirka tana neman haƙƙinta ne a cikin dangi da aure da haihuwa, sau da yawa ta hanyar sulhu da ciniki. Dangane da adabin Hausa, Novian Whitsitt (2002, 2003) ya nazarci Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, ya nuna cewa daga cikin Musulunci suke ɗauko hujjojinsu. Duk da waɗannan gyare-gyare, idan aka zo yanke hukunci a kan tauraruwa guda, a takardun ɗalibai da ma na wasu malamai, tambayar da ake komawa gare ta ita ce: ta fita, ko ta zauna? Wadda ta fita jaruma ce, wadda ta zauna ko ta koma kuwa an ce ta miƙa wuya.

3.0 Mutuwar Tauraruwa a Adabin Jamusanci

Littafin da ya fi dacewa a fara da shi shi ne Effi Briest na Theodor Fontane, wanda ya fito a 1895. Effi yarinya ce 'yar shekara 17 da iyayenta suka aurar ga Innstetten, babban ma'aikacin gwamnati mai shekara 38, wanda a da can uwarta ya nema. Ya kai ta wani gari mai nisa a bakin teku inda kaɗaici ya dame ta, har ta faɗa tarkon wani hafsan soja mai suna Crampas. Bayan fiye da shekara shida da wucewar abin, mijin ya tsinci wasiƙunsu. Shi da kansa ya san ba ya jin zafin kishi a lokacin, amma tsoron abin da mutane za su ce ya sa ya kashe Crampas a fito-na-fito da bindiga, ya saki Effi, ya raba ta da 'yarta. Iyayenta ma da farko sun ƙi karɓarta don gudun abin kunya. Sai da ciwo ya ci ƙarfinta suka yarda ta dawo gida, inda ta rasu ba ta cika shekara 30 ba. Shi kuwa Innstetten ƙarin girma ya samu a wurin aiki.

Wurin da ya fi shafar bahasinmu shi ne gadon mutuwarta. A nan Effi ta wanke mijinta, ta bar saƙo a gaya masa cewa ta yarda abin da ya yi daidai ne. Da za a auna littafin da shafin ƙarshe, da sai a ce Fontane ya goyi bayan Innstetten. Matarkan matantaka ba su fahimce shi haka ba. Abin da suka gani shi ne cewa cutar da aka yi wa Effi ta yi zurfin da har ta karɓi hukuncin azzaluminta a matsayin gaskiya, kuma duk abin da labarin ya nuna tun daga farko yana ƙaryata kalamanta na ƙarshe. Wato dai sun karanta ƙarshen ne da hasken abin da ya gabace shi.

Da mata suka karɓi alƙalami, mutuwar ba ta gushe ba. A cikin Malina (1971) na Ingeborg Bachmann, 'yar ƙasar Ostiriya, mai ba da labarin mace ce marubuciya a birnin Biyana wadda ba a ambaci sunanta ba. Tana tsakanin maza biyu, Ivan da Malina, ga kuma mugayen mafarkai game da ubanta, kuma a ƙarshe ta shige cikin tsagar bango ta ɓace. Littafin wani ɓangare ne na babban aikin da Bachmann ta tsara a kan ire-iren mutuwar da ake yi wa mata ba tare da an zubar da jini ba. Christa Wolf ta Jamus ta Gabas, a cikin Kassandra (1983), ta ɗauko tsohon labarin Girkawa na 'yar sarkin da ke hango abin da zai faru amma ba a gaskata ta. Ta bar ta ta ba da labarinta da bakinta tana jiran a kashe ta, bayan ta ƙi bin masoyinta su gudu, don ba ta son ta ga ya zama irin jaruman da suka halaka birninsu.

A taƙaice, a wannan adabi halakar tauraruwa ita ce takardar ƙara. Wanda ake tuhuma, wato tsarin al'umma, yakan fita lafiya lau, an kuma bar wa mai karatu yanke hukunci. 

4.0 Tauraruwa a Ƙagaggun Labaran Hausa

Ƙagaggen labarin Hausa ya taso da wata ƙa'ida dabam. Tun daga tatsuniya har zuwa littattafan gasar 1933, mai sauraro yana sa ran ya ga sakayya da idonsa kafin a rufe labari. A waɗancan littattafai na farko mace ba ta cika zama mai juya akalar labari ba. Zainabu ta cikin Jiki Magayi ita ce dalilin gabar da ke tsakanin Abubakar da Malam Shehu, amma ramuwar gayyar ta maza ce. Mahaifiyar Shaihu Umar ta keta hamada tana neman ɗanta, ta faɗa cikin bauta, ta rasu jim kaɗan bayan ta gan shi, amma duk wannan ta bakin ɗan muke jin sa. Sai a 1980, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Ahmad Abdulwahid ya fito daga kamfanin NNPC na Zariya, aka sami tauraruwa, wato Boɗaɗo, wadda ta tsaya gaban danginta Fulani ta kafe a kan mijin da ta zaɓa ko da yake ba jininsu ba ne. Daga nan ne ƙofa ta buɗe wa marubutan da aka yi wa laƙabi da na Adabin Kasuwar Kano.

4.1 Rabi: Komawar da Ake Cece-kuce a Kanta

Alhaki Kuykuyo Ne ya fito a 1990. An mai da shi fim a 1998, Aliyu Kamal kuma ya fassara shi zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa mai abin hannunsa, amma mai ƙoro a gida, mai sakin hannu a waje. Ta haifa masa 'ya'ya tara, tana cike giɓin cefane da ɗan abin da take samu. Ya auro Delu, tsohuwar karuwa, rikici ya tashi, ya kori Rabi tare da 'ya'yanta. Ta kama sayar da abinci ta riƙe su, har 'yarta Saudatu ta auri wani attajiri, Alhaji Abubakar. Gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, zamansa da Delu ya watse, ya wayi gari ba shi da ko anini. Daga nan ya dawo yana neman Rabi. Ta ƙi, amma mazan da ke kewaye da ita, har da surukin nata, suka matsa mata lamba sai da ta karɓe shi.

Duk lokacin da aka karanta wannan littafi da ɗalibai a nan Mubi, aji yakan rabu biyu a kan wannan komawa. 'Yan mata da yawa sukan ce marubuciyar ta ba su kunya. Matan aure da zawarawa da ke cikin ajin kuwa, waɗanda wasunsu su ne suka riƙe gidajensu bayan mamayar da Boko Haram ta yi wa garin a watan Oktoba na 2014, tambayar da sukan fara yi ita ce: bayan komawar, wa ke cefane? Tambayar tasu ta fi kusa da zuciyar littafin.

Da farko dai, a duba dokar da aka hukunta Alhaji Abdu da ita. Marubuciyar ba ta aro ta daga waje ba. Ciyarwa da tufatarwa da muhalli wajibai ne a kan miji a fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a kowane zaure, haka nan ciyar da 'ya'ya yana kan uba ko da ya saki uwarsu, haka nan adalci tsakanin mata. Alhaji Abdu ya karya dukkansu. Saboda haka mai karatu Bahaushe ba ya bukatar a koya masa wani sabon ra'i kafin ya gane mai laifi. Ƙarfin littafin yana nan: ya kama namiji da igiyar da namijin yake taƙama da ita.

Na biyu, a duba yadda arziki ya sauya hannu. A farkon labari Rabi ce mai roƙon kuɗin cefane, a ƙarshensa Alhaji Abdu ne mai cin abin da tukunyarta ta samar. Sana'ar da ta riƙa sananniya ce a ƙasar Hausa, Polly Hill (1969) ta yi bayanin wannan ɓoyayyen ciniki da matan kulle ke gudanarwa daga cikin gidajensu. Abin da Balaraba ta yi shi ne ta fito da shi fili, ta mai da shi ginshiƙin da ya tallafi gida lokacin da kasuwar maigida ta zama toka. Auren da Rabi ta koma sunansa ne kawai bai sauya ba.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, a duba yadda aka ba da labarin komawar. Ba a kawo ta a matsayin biki ba. Mai karatu ya riga ya zauna da Rabi cikin yunwa da wulaƙanci shafi bayan shafi, ya ji ƙin da ta yi, ya kuma ga waɗanda suka tanƙwara ta da irin dalilan da suka kawo. Wanda ya bi labarin tun daga farko ba zai rufe shi da jin cewa an yi mata adalci ba. Ke nan abin da matarkan Jamusanci suka yi wa kalaman Effi na ƙarshe shi ya kamata a yi wa komawar Rabi. Labarin ya ba mai karatu sakayyar da al'adar adabinsa ta saba, ta hanyar karya Alhaji Abdu, sa'an nan ya nuna masa cewa ko bayan Allah ya saka wa mace, jama'a ba sa barin ta ta ci moriyar sakayyar yadda take so. Wannan shi ne kallon harara-garken da Weigel ta ambata.

Akwai makamancin wannan a nan kusa da mu. Zaynab Alkali, 'yar wannan yanki na arewa maso gabas, ta rufe The Stillborn (1984) da shawarar da Li ta yanke ta koma wa mijinta Habu bayan ta yi ilimi ta tsaya da ƙafarta, shi kuma haɗari ya nakasa shi. Ita ma an daɗe ana muhawara a kanta. Bambancin shi ne Li da kanta ta zaɓa, Rabi kuwa zaɓa mata aka yi. Ma'aunin fita ko zama ba ya iya ganin wannan bambanci, domin a wurinsa duk su biyun komawa suka yi.

4.2 Abu: Fitar da ta Dogara da Dangi

Wa Zai Auri Jahila? shi ma a 1990 ya fito, kuma tauraruwarsa ta fi kama da Effi. An cire Abu daga makaranta tana 'yar shekara 13. Ɗan'uwanta Ahmadu da aka yi mata alkawarinsa ya guje ta don yana ganin ta jahila ce, uban kuma ya ɗaura mata aure da Sarkin Noma, wanda ya haife ta ya yi jika da ita. Marubuciyar, wadda ita ma aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ba ta sakaya irin azabar da yarinyar ta sha a wannan gida ba. Abu ta gudu zuwa Kaduna wurin 'yar'uwar iyayenta, ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya.

Ga mai ma'aunin fita ko zama, Abu ita ce jaruma, Rabi kuwa ta gaza. Amma idan aka lura, abin da ya ceci Abu irin wanda ya riƙe Rabi ne, wato wata kafa a cikin dangi da kuma abin yi na hannunta. Effi ma ta fita daga gidan miji, sai dai ta tarar da ƙofar gidansu a rufe, ba ta da sana'a, matsayinta na 'yar manya kuma ya hana ta neman aiki. Fita kaɗai ba ta tsirar da kowa ba. Abin da ya raba makomar yaran biyu shi ne samuwar wata babbar mace mai ɗaki nata da abin hannunta wadda ta buɗe wa Abu ƙofa.

Hujjar littafin a kan ilimin mata ma tsohuwa ce a wannan ƙasa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Nurul Albab ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u (1793-1864) kuma ta kafa tsarin 'Yan Taru don karantar da matan karkara. Tambayar da ke kan bangon littafin tana komawa ne kan waɗanda suka yi ta: su suka hana yarinya karatu, su kuma suke ƙyamar ta don ba ta yi ba.

5.0 Inda Ya Kamata Tarke Ya Tsananta

Kare waɗannan littattafai daga zargin miƙa wuya ba ya nufin ba su da aibi ta fuskar matantaka. Aibin yana nan, sai dai ba a shafin ƙarshe yake ba.

Na farko shi ne matsayin ɗaya macen. Domin Rabi ta fito fes, an jibga wa Delu kusan dukkan munanan halaye, kuma ba a ba mai karatu damar shiga zuciyarta kamar yadda aka ba shi ta Rabi ba. Alhali binciken Renée Pittin a Katsina a shekarun 1970 ya nuna cewa da yawa daga cikin matan da ke zaman kansu daga auren da ba sa so suka gudo. Da Abu ta isa Kaduna ba ta sami mai karɓarta ba, babu mamaki da ita ce Delun wani labarin. Littattafan biyu shekara ɗaya suka fito daga hannu ɗaya, amma tausayin da aka yi wa yarinyar da ta gudu bai kai ga macen da gudun ya ƙare da ita a gidan mata ba. Wannan hali ya zama ruwan dare a rubutun mata na Hausa, inda kishiya da uwar miji da matar uba suke ɗaukar laifin da tsarin gidan ne ya haifar. A nan adabin Jamusanci yana da abin koya mana. Uwar Effi ce ta lallashe ta ta karɓi auren, uwar Erika ta cikin Die Klavierspielerin (1983) na Elfriede Jelinek, wadda ta sami kyautar Nobel a 2004, ita ce ta danne 'yarta har ta lalata mata rayuwa. Matarka sun nazarci waɗannan iyaye a matsayin waɗanda tsarin ya ƙera ya kuma ba su aikin gadi, maimakon a tsaya ga kiran su miyagu.

Na biyu shi ne dogaro da attajiri. Kwanciyar hankalin Rabi ba ta kammala ba sai da Saudatu ta auri mai kuɗi, kuma ladabi da kunyar Saudatu ne aka nuna sun jawo mata wannan rabo. A littattafan Bilkisu Funtuwa, irin su Allura Cikin Ruwa (1994), wannan tafarki ya fi fitowa fili: tauraruwa mai ilimi da addini da iya zama da miji takan sami sakamakonta cikin daula. Saƙon da ke ƙarƙashin wannan shi ne mahaƙurci mawadaci, wanda shi ne dai abin da ake faɗa wa kowace amarya ranar kai ta ɗaki. Abin yabo ga Balaraba shi ne ta bar alamar farashin wannan dogaro, tun da surukin da ya share wa Rabi hawaye yana cikin waɗanda suka mayar da ita inda ba ta so. Amma yawancin masu karatu ba 'ya'yan attajirai ba ne kuma ba za su auri attajirai ba, don haka matarki yana da haƙƙin ya tambayi abin da labarin ya tanadar wa Rabin da 'yarta ta auri talaka.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta gwama taurari mata na adabi biyu masu ƙa'idoji mabambanta. A adabin Jamusanci tauraruwa takan halaka a bar mai laifi yana yawo, a na Hausa kuwa takan rayu a karya mai laifin a gaban idonta. Kowanne daga cikinsu hanya ce ta shigar da ƙara, kuma ba a fahimtar ƙarar sai an karanta ƙarshen labari tare da abin da ya gabace shi. Matarkan Jamusanci sun yi wa Effi wannan adalci, ya kamata matarkan Hausa su yi wa Rabi irinsa.

Saboda haka ana ba da shawarar cewa mai tarken taurari mata, kafin ya tambayi ko tauraruwa ta fita ko ta zauna, ya fara bincika wanda ke ciyar da gida a farkon labari da wanda ke ciyar da shi a ƙarshe, da wanda aka buɗe wa mai karatu zuciyarsa da wanda aka rufe, da dokar da aka hukunta mai laifi da ita, da kuma macen da aka sadaukar don tauraruwa ta haskaka. Fagen yana ƙara faɗi, domin tun daga 2016 gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC take fito da sababbin marubuta mata, ga kuma ɗimbin labaran da ake rubutawa ana karantawa ta wayar hannu. Akwai bukatar a bi waɗannan sababbin rubuce-rubuce da tambayoyin da aka zayyana a sama, musamman don a ga ko kishiya da bazawara da mai zaman kanta sun fara samun bakin magana a cikinsu.